Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga matasa masu tasowa a waƙar hip hop: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Assalamu alaikum ƙannena,

Ina gaishe ku, ina yi muku sannu da aiki. Tun farko bari in faɗi matsayina don kada a ce na yi shigar burtu. Ni ba mawaƙi ba ne. Ban taɓa tsayawa gaban makirfo ba, kuma ba da furfura zan fara ba. Mai sauraro ne kawai, tun zamanin da muke zura biro a ramin kaset muna juyawa don kada batirin rediyo ya mutu. Kunne shi ne jarina, da shi kuma zan yi muku magana.

Kwanan baya na raba dare ina bin sababbin waƙoƙin matasa a intanet, wannan ta ƙare waccan ta ɗauka, daga ƙasashe daban-daban. Can sai na kife wayar na rufe ido, na ce bari in gwada ko kunne zai gaya mini wane daga ina ya fito. Na kasa. Kiɗa iri ɗaya, muryar da na'ura ta goge iri ɗaya, har wurin jan numfashi iri ɗaya. Kalmomin kuwa kamar a takarda aka raba muku: kowa yana da "opp", kowa a "trap" ya kwana, kowa "drip", kowa "no cap". Kai ka ce uwa ɗaya ta haife ku a lungu ɗaya a birnin Atlanta na Amurka. Da farko dariya abin ya ba ni, daga baya ya dame ni, domin a cikinku akwai masu baiwa ta gaske. Ina jin ta a yadda kuke hawa kiɗa kuna sauka. Bakin ne dai ba naku ba.

Waƙar nan da kuke ƙauna, da adireshinta aka haife ta. Ranar 11 ga Agusta 1973, a ɗakin taro na wani bene mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke Bronx a birnin New York, wani saurayi mai suna Clive Campbell, wanda duniya ta sani da DJ Kool Herc, ya yi kiɗa a wani casu da ƙanwarsa Cindy ta haɗa don ta samu kuɗin kayan komawa makaranta. Shi ne ya lura masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru ganguna kaɗai ke tashi, sai ya riƙa ɗora faifai biyu iri ɗaya a kan na'ura biyu yana maimaita gaɓar. Haifaffen Kingston ne ta Jamaika. Manya-manyan lasifikoki da yin magana a kan kiɗa, can ya gan su tun yana yaro. Wato wanda ya fara abin ma, kayan gidansu ya ɗauko ya zo da su. Kafin a je ko'ina kuma aka fara gardamar unguwa: a 1986 da 1987 KRS-One na Bronx ta Kudu da MC Shan na Queensbridge suka yi ta jifan juna da zambo, a kan wace unguwa ce ke da bakin tutiya. Birni ɗaya fa ke nan.

Ku tambayi kanku me ya sa kiɗan New York na wancan lokaci yake da kaushi, baitocinsa kuma cike fal da kalmomi. Birni ne mai cunkoso, tafiya ko a ƙafa ko a jirgin ƙarƙashin ƙasa, abin sauraro manne a kunne. Mai sauraro irin wannan ba kalmar da ke wuce shi, don haka mawaƙi ya zage yana saƙa amsa-amo a tsakiyar layi da ƙarshensa. Masu haɗa kiɗa suna yanko guntayen tsofaffin faya-fayan jazz da soul, su ɗora a kan bugun da ake kira "boom bap", sunan da ba komai ba ne illa kwaikwayon amon gangunan biyu, kamar yadda za mu ce dum da tas. Abin dariya, DJ Premier, wanda ake ganin hannunsa shi ne tambarin wannan sauti, haifaffen Houston ne ta Teksas. Zan dawo kan wannan.

Sarar New York ma tana da asali. Da yawa daga cikinta ta fito ne daga ƙungiyar Five Percent da Clarence 13X ya kafa a Harlem a 1964 bayan ya fita daga Nation of Islam, wata ƙungiyar addini ta baƙaƙen fatar Amurka. Daga wurinsu aka samu "cipher", da'irar da mawaƙa ke tsayawa suna karɓa-karɓa, da "word is bond", wato magana alkawari ce. Daga wurinsu kuma aka samu al'adar kiran aboki "God". Ba wasa suke yi ba: koyarwarsu ita ce namiji baƙar fata shi ne ubangiji. Yaron da ya haddace baiti ya maimaita don ya ji daɗin amonsa, bai san ya ɗauko aƙidar wasu ya ɗora a harshensa ba. Wannan kaɗai ya isa mutum ya riƙa tambayar kalma daga ina take kafin ya tauna ta.

Ku tsallaka yamma, Los Angeles. Can babu mai tafiya a ƙafa sai dole. Gari ne shimfiɗaɗɗe, rana ƙwal, rayuwa a cikin mota. Shi ya sa da Dr. Dre ya fito da salon G-funk a 1992, kiɗan ya lafa, bugun ƙasa ya yi kauri yadda zai cika mota, aka ja wani siririn amo a sama kamar sarewa, aka jingina da kiɗan George Clinton na shekarun 1970. Snoop Dogg yana jan kalma kamar mai miƙa bayan barci. Da a jirgin ƙasan New York aka yi wannan, ƙarar ƙarfe za ta cinye shi. Arewa da su, a yankin Oakland da Vallejo, wani abin ne daban. Too Short a bayan mota ya fara sayar da kaset ɗinsa. E-40 kuwa masana'antar sara ne mai tafiya da ƙafa biyu, kalmomin da ya ƙera ko ya yaɗa sun bazu har bakin waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba. A wannan yanki ne "hella" ke nufin da yawa, nan kuma aka haifi "hyphy", kiɗan zabura da hauka, a jiha ɗaya da masu kiɗan lafawa.

Amma labarin da na fi so ku riƙe na Kudu ne. A watan Agusta 1995 mujallar The Source ta yi bikin ba da kyaututtuka a New York, lokacin da gaba tsakanin mawaƙan gabashin Amurka da na yammacinta ta ɗau zafi. Aka kira OutKast, samari biyu daga Atlanta, a matsayin sababbin da suka fi fice. Zauren ya ɗauki ihu, ba na yabo ba. A idon mutanen New York, 'yan Kudu ƙauyawa ne masu jan harshe da haɗiye ƙarshen kalma. André 3000 ya karɓi makirfo cikin ihun ya gaya musu cewa Kudu ma tana da abin faɗa. Ku tsaya a nan ku yi tunani. Hanya mafi sauƙi gare su ita ce su koma gida su gyara baki, su koyi furucin unguwar Brooklyn ta New York, a karɓe su. Ba su yi ba. Suka ƙara nutsewa cikin karin harshensu, da sunayen titunansu, da motocinsu. Kafin shekara goma, Atlanta ta zama inda kowa ke kallo, yau kuma ku da kuke nesa da ita da dubban mil kuna aron muryarta. Muryar da kuke aro, ta mutanen da suka ƙi aron murya ce.

Kudun ma ba ɗaya ba ce. A Houston, DJ Screw ya ɗauki waƙoƙin mutane ya rage musu gudu har muryar mawaƙi ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya, yana datse kalma yana maimaita ta. A ƙa'idar wancan zamani ɓata waƙa ya yi. Amma mutane suka riƙa yin layi a ƙofar gidansa suna sayen kaset dala 10, domin sautin ya dace da zafin garin da manyan titunansa da motocin da ake ja a hankali don a gan su. Har yau sunansa ne sunan salon. A Port Arthur, UGK suka yaɗa "trill", haɗin kalmomin Turanci biyu masu nufin gaskiya da sahihanci. A Memphis, tun farkon shekarun 1990 su Lord Infamous na Three 6 Mafia suke cusa gaɓa uku a bugu ɗaya, da kiɗa mai duhu da aka naɗa a kaset mai arha. Wannan tafiyar ta uku-uku da Migos, 'yan Atlanta, suka cika duniya da ita daga 2013, wadda yawancinku kuke yi kuna ce mata ta Atlanta, ta girmi wasunku, kuma ba a Atlanta aka yanke mata cibiya ba. A New Orleans akwai "bounce" mai kira da amsawa, kuma daga can "bling" ta fito fili a 1999, kwaikwayon walƙiyar sarƙa a ido, kafin shekara biyar ta shiga ƙamusun Oxford. Miami kuwa bugun ƙasa ne da rawa, ba ruwanta da dogon baiti.

Da yawa daga cikin waɗannan da na'urar bugun ganga iri ɗaya suka yi aiki, Roland TR-808, wadda kamfanin ya fitar a 1980 ya daina ƙerawa bayan 'yan shekaru saboda ba ta yi kasuwa ba. Ta faɗo hannun talakawa da arha. Na'ura ɗaya, amma Miami ta buga ta daban, Memphis daban, Atlanta daban. Ashe ba kayan aiki ne ke sa a yi kama ba.

Ku ɗauki abu ɗaya ku ji yadda garuruwa ke kiransa. Aboki: New York ta ce "son", Los Angeles ta ce "homie", Memphis ta ce "mane", New Orleans ta ce "whoadie", Landan ta ce "bruv" ko "fam". Ɗan sanda: Atlanta "12", Los Angeles "one time", New York "jakes", Landan "feds", Paris "keuf". Philadelphia tana da "jawn", kalma ɗaya da za ta iya zama mutum, mota, wuri, ko duk abin da sunansa ya kwanta maka. A da, daga kalma ɗaya mai sauraro zai ce wannan ɗan gari kaza ne. Sara shaidar zama ɗan unguwa ce. Tana sa na ciki ya yi murmushi, na waje ya tambaya. To ku da kuka kwaso ta Shikago da ta Atlanta da ta Landan kuka zuba a baiti ɗaya, shaidar ina kuka nuna?

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, kuma a nan ne zan ɗan ɗaga murya. Wasu kalmomin jini ne a jikinsu. "Trap" gidan da ake sayar da ƙwaya ne, asalin ma'anarta tarko, kuma waɗanda suka raɗa sunan sun san dalili: shiga da sauƙi, fita sai kurkuku ko makara. "Bando" kangon gida ne da aka mayar wurin wannan sana'a. "Lean", da kuke rerawa kamar sunan lemo, maganin tari ne mai kodin da ake gaurayawa, kuma da kodin a jikinsa DJ Screw ya mutu a Nuwamba 2000 yana ɗan shekara 29. "Opp" abokin gaba ne na ƙungiyar daba, wanda in kun haɗu ɗaya ba zai koma gida ba. "Drill" kanta, wadda ta zama sunan salon kiɗa, a kudancin Shikago tana nufin kai farmaki. Lokacin da Chief Keef ya yi fice a 2012 yana ɗan shekara 16, a shekarar aka harbe Lil JoJo, ɗan shekara 18, bayan musayar zambo a waƙa da intanet. A Los Angeles har haruffa suna da ɓangare: 'yan dabar Bloods kan sauya harafin C da B a magana don kada su furta harafin abokan gabarsu Crips. Wanda ya kwaikwayi wannan don ya ji ya yi daɗi a baki, ya ɗaura tutar yaƙin da bai san mafarinsa ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Kotuna ma sun shigo. A Janairu 2019 wata kotu a Ingila ta yanke wa mawaƙan drill Skengdo da AM ɗaurin wata 9 na jeka-ka-gyara-halinka saboda sun rera wata waƙarsu a dandali, abin da aka ce ya saɓa wa umarnin da aka ɗora musu. A Atlanta, masu gabatar da ƙara sun kawo baitocin Young Thug a matsayin hujja a shari'ar da aka fara tuhumarsa a 2022, har lauyansa ya tsaya yana yi wa kotu fassarar sara. A shekarar ce kuma jihar Kalifoniya ta yi dokar taƙaita amfani da baitin waƙa a matsayin shaida. Ni ina ganin zalunci ne a karanta waƙa kamar takardar amsa laifi, ba a yi wa marubucin fim haka. Amma ra'ayina ba zai hana wani jami'i da bai san wasa ba ya fassara kalmarka yadda ya ga dama. Idan masu kalmar ma suna shan wannan, ina ga kai da ka aro ta ba ka san nauyinta ba.

Kada ku zaci ku ne farkon waɗanda suka faɗa wannan rami. Mawaƙan Ingila na farko da muryar Amurka suka yi ta yi, yawancinsu ba su yi nisa ba, domin mai son na Amurka yana da na ainihi. London Posse na cikin na farko da suka yi ƙarfin halin rerawa da bakin titin Landan a ƙarshen shekarun 1980. Sai farkon shekarun 2000, a unguwar Bow ta gabashin birnin, yara irin su Wiley da Dizzee Rascal suka ƙera grime, kiɗa mai gudun bugu wajen 140 a minti, suna watsa shi ta gidajen rediyon sata da aka kafa wa eriya a saman dogayen benaye. Harshensu shi ne ainihin abin da ake ji a filin makarantarsu, Turancin Landan da ya sha Jamaika da Afirka: "mandem", "wagwan", "ting". Dizzee Rascal ya ci Mercury, babbar kyautar kiɗa ta Birtaniya, a 2003 bai kai shekara 20 ba. A 2019 Stormzy ya jagoranci babban dandalin bikin kiɗa na Glastonbury. Da sun ci gaba da kwaikwayon Brooklyn da har yanzu suna bakin ƙofa. Wani abin da zai ba ku mamaki, a Landan da Toronto za ka ji yaron da ba Musulmi ba ya ce "wallahi", ya ɗauko ta daga bakin abokansa 'yan Somaliya. Wannan aro ne na zaman tare, maƙwabci daga maƙwabci. Ya sha bamban da na wanda ya tsinci kalma a waya.

Faransa ta bi tata hanyar. Yaran unguwannin bayan Paris, 'ya'yan 'yan ci-rani daga Aljeriya da Maroko da Mali da Senegal, suna da zaurancensu da ake kira verlan, juya gaɓoɓin kalma baya ta koma gaba. Sunan ma juyayye ne. "Femme", wato mace, ta zama "meuf", "flic", wato ɗan sanda, ta zama "keuf". Suka gauraya da Larabci, suka zuba a waƙa. NTM na lardi mai lamba 93 da ke bayan Paris da IAM na Marseille ba mai rikita su, domin bakin kudu daban ne da na babban birni. Dokar da ta fara aiki a 1996, wadda ta wajabta wa gidajen rediyo kashi 40 cikin 100 na waƙoƙinsu su zama da Faransanci, ta buɗe musu ƙofa. A Jamus, kalmar "Babo" da Haftbefehl ya yaɗa, mai nufin shugaba, ita aka zaɓa kalmar matasa ta 2013.

A Afirka kuwa labarin ya maimaita kansa sau da yawa har ya zama ƙa'ida. A Dakar, Positive Black Soul suka sa Wolof a kan kiɗa, kuma a 2011 mawaƙan Keur Gui na cikin waɗanda suka kafa Y'en a marre da ta tsaya wa Abdoulaye Wade a gaba lokacin da ya nemi zarcewa karo na uku. Da harshen da jama'a ba sa ji suke waƙa, wa zai fito titi saboda su? A Nairobi, Kalamashaka na unguwar Dandora suka yi da Sheng, gaurayen Swahili da Turanci da harsunan ƙasar. A Darussalam aka samu Bongo Flava, "bongo" daga kalmar ƙwaƙwalwa, laƙabin garin da sai mai kai ke rayuwa a cikinsa. Reggie Rockstone ya koma Ghana ya yi da Twi aka samu hiplife. A Afirka ta Kudu, HHP na Mahikeng ya ɗaga salon motswako da Setswana. A Legas, Dagrin ya nuna Yarbancin titi zai iya ɗaukar gambara kafin rasuwarsa a 2010, Olamide ya ɗora, Phyno ya yi da Ibo. Ku nuna mini ɗaya a cikinsu da ya kai inda ya kai da bakin aro.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya a wani ɓangaren. Za ku ce duniya ta canza, ba laifinku ba ne. Haka ne. Tun 1996 Amurka ta sassauta dokar mallakar gidajen rediyo, kamfanin Clear Channel ya tashi daga tashoshi wajen 40 zuwa sama da 1,200, jerin waƙoƙi ɗaya ya fara yawo gari-gari, DJ na unguwa ya rasa bakin magana. Sai intanet ta zo. Yanzu yaro zai rubuta sunan mawaƙin da yake so a YouTube ya haɗa da "type beat", kiɗa irin na wane ya fito masa ɗari, ya saya da 'yan daloli. Lil Nas X dala 30 ya sayi kiɗan da ya kai shi ƙololuwa, daga hannun wani matashi a Holan da bai taɓa gani ba. Manhajojin sauraro kuma abin da ya yi kama da wanda aka riga aka so suke turo wa mutane. Duk wannan yana tura ku wuri ɗaya.

Za ku kuma ce ai aro shi ne jinin hip hop. Wannan ma haka ne, na ce zan dawo kan DJ Premier ɗan Houston da ya zama muryar New York. A$AP Rocky ɗan Harlem ne, da sautin Houston ya fito a 2011. Amma ku bi tafiyar drill ku ga yadda ake aro na masu hankali. Ta tashi daga Shikago ta sauka Brixton a kudancin Landan. Yaran can ba su kwafe ta ba: suka ƙara mata gudu, suka sa bugun ƙasa yana zamewa sama da ƙasa, suka ɗora sararsu. Pop Smoke na Brooklyn ya tsinci kiɗan 808Melo ɗan Landan a YouTube, ya ɗora muryar New York mai kauri, abin ya koma Amurka da sabuwar fuska kafin a kashe shi a Fabrairu 2020 yana ɗan shekara 20. Sai ta faɗa Kumasi. Yaran can suka rera ta da Twi da zaurancensu na juya kalma, suka kira ta asakaa, suka yi wa garinsu laƙabi da Kumerica, rabi wasa rabi tutiya. Stormzy da kansa ya hau waƙar Yaw Tog a 2021. Da masu ba da kyautar Grammy suka buɗe rukunin waƙar Afirka a 2023, sun ambaci drill ta Ghana da sunanta. A kowane zango ganga aka ara, harshe na masu gida ne. Ku kuwa kun ari gangar kun haɗa da harshen, har da sunayen titunan da ba ku taɓa takawa ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ku duba ma can inda kuke kallo. A 2024 Kendrick Lamar, wanda ya riga ya ci kyautar Pulitzer a 2018, ya koma kan tsantsar kiɗan Los Angeles da furucin garinsu Compton lokacin takaddamarsa da Drake, kuma ɗaya daga cikin manyan tuhume-tuhumen da ya yi wa abokin karawar tasa shi ne yawon aron bakin garuruwan da ba nasa ba. Duniya ta rera tare da shi, har waɗanda ba su fahimci rabin kalmomin ba. Wannan tsoro da kuke ji, wai in kun yi da harshenku ba za a gane ba, ku ajiye shi. Mu nawa ne muka fahimci abin da 'yan Memphis ke faɗa lokacin da muka fara jin su? Daɗin ne ya ja mu, daga baya muka bi ma'ana.

Don haka ga roƙona, kuma roƙo ne na yaya ga ƙanne. Kafin ka sa kalmar da ba ta harshenka ba a baiti, ka nemi asalinta, ka san wa ya mutu a kanta. In bayan ka sani har yanzu kana so, kai da zuciyarka. Sannan ka fita ka saurari yadda abokanka ke magana in ba kyamara a wurin. Yadda kuke kiran kuɗi in babu, da yadda kuke kiran wanda ya cika baki, da kalmar da kuka ƙirƙira bara wadda iyayenku ba su gane ba har yanzu. Wannan ita ce taskar da E-40 ya ci abinci da ita shekara da shekaru, kuma kowannenku yana zaune a kan irinta. Masu haɗa kiɗa a cikinku, ku rufe YouTube na mako ɗaya ku tono tsofaffin faya-fayan da iyayenku suka yi rawa da su, yadda Dre ya tono George Clinton. Masu gabatar da shiri da masu shirya gasa, ku ma da ku nake: in yaro ya zo da karin harshen da kuke ganin na ƙauye ne, ku tuna zauren nan na 1995 kafin ku yi dariya.

Ba na ce ku daina sauraron Atlanta ko Landan ba. Ni ma ban daina ba, kuma ba ni da niyya. Dare na gaba da zan kife waya in rufe ido, ina so waƙar ɗayanku ta sa in tashi zaune in mayar da ita baya, in nemi wani yaro in tambaye shi, kai, wannan kalmar me take nufi, kuma a wane gari ake faɗinta?

Na gaishe ku.

Yayanku,
wani tsohon mai sauraro